Pandu Mai Hawan Kwakwa da Hankakin Kwahani

Pandu Silima mijin yayata ne, Dada Kazija. A gidansu na yi 'yammatancina, a Kwahani, don uwarmu ta rasu da wuri. To abin da zan gaya muku ba ji na yi ba, a gabana aka yi.

Hawan kwakwa ne sana'arsa. Ubansa ma ita ya yi a can Makunduchi kafin su taso cikin gari. Gajere ne, ga faɗin ƙirji, tafin ƙafarsa kamar busasshiyar fata. Idan ya zura ƙafafunsa cikin zoben igiyar nan ya rungumi bishiya, kafin mace ta gama ɗaura kallabi ya kai sama. Da kwakwar ake biyansa, Dada ta sayar da wasu, wasu ta yi mai. Da haka muke ci, ba mu taɓa kwana da yunwa ba.

Lokacin Kwahani ba haka take ba. Kusan kowane gida da kwakwarsa, ko a tsakar gida ko a baya. Makewayinmu kuma ba rufi, ganyen kwakwa ne aka saƙa aka kewaye. Wanda ya hau sama ba gidan da ya kira shi kaɗai yake gani ba, har na maƙwabta da maƙwabtan maƙwabta. Shi ya sa mai hawa ba ya hawa da baki a rufe. Tun yana ƙasa zai ɗaga murya, yana hawa yana waƙa, yana sama yana waƙa, sai ƙafarsa ta taka ƙasa sannan ya yi shiru. Mace tana wanka ta ji, sai ta ja kanga, wato zanenta, ta rufa ta jira. Mai yara ta janye su daga gindin bishiya. Haka muka taso muka tarar.

Muryar Pandu kuwa, Allah na tuba, kamar ana jan tsohon kwano a kan siminti. Waƙarsa ɗaya ce tun da na san shi:

"Ga ni tafe sama, masu gida a rufa,
mai wanka ja zanenki, idona na kan teku."

Mu mijin yaya Shemeji muke ce masa. Nakan ce masa, "Shemeji, don Allah ka bar wa masu murya waƙa mana."

Ya ce, "Ke dai ki yi shiru. Da muryata da daɗi ai tsayawa za su yi saurare su manta da zane."

Su kuma hankaki, tare muke zaune da su kamar dangin miji, ba ka gayyace su ba, ba su kuma da ranar tafiya. Masu tokar wuyan nan nake nufi, ba masu farin ƙirji na ƙauye ba. Da idona na ga hankaka ya sa baki ya ture murfin tukunya. Na ga biyu sun haɗa kai a kan kyanwa, ɗaya ya ja mata wutsiya, tana juyawa ɗayan ya ɗauke kan kifin. Busasshen burodi ba sa ci haka, sai sun kai shi kwatar alwala sun jiƙa. Ka ɗaga musu sanda ko motsi ba za su yi ba, sun san tsawon sanda. Amma ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, sun tashi. Sabulu ma ba su bari ba, me suke yi da shi oho.

Akwai wata maƙwabciyarmu, Bi Mboja, kifi take soyawa a ƙofar gida da yamma, tana kuma kiwon kaji. Mace ce mai baki, ko liman yana shakkarta. Wata shekara hankaki suka yi sheƙa a kan kwakwarta, suka dinga ɗauke mata 'yan tsaki ɗaya bayan ɗaya. Ranar da Pandu ya je yi mata sara, ina wurin, na je karɓar wuta. Ta ce, "Pandu, idan ka hau ka turo mini gidan ɓarayin nan ƙasa."

Ya ce, "Bi Mboja, kwakwa aka kira ni in sara. Babana ya ce da ni, abin da ka tarar a sama ka bar shi a sama."

"Babanka yana da kaji? Ji mini mutum! Namiji har namiji, kana hawa inda tsuntsu yake kwana, amma tsuntsun kake tsoro? To sauko, ba ni igiyar in hau da kaina."

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Pandu ba ya jure dariyar mata. Ya hau yana waƙarsa, ya sa ƙafa ya turo sheƙar. Ta faɗo tim, kirare ne da guntayen waya, ashe da 'ya'ya a ciki, ko gashi ba su gama fitarwa ba.

Ban taɓa ganin hankaki kamar na ranar ba. Daga ina suka fito, Allah kaɗai ya sani. Suka cika rufin gidaje da wayoyi da reshen mangwaro, suna kuka, ko kiran sallar la'asar ba mu ji ba. Ba su taɓa kowa ba ranar. Kallo kawai suke yi suna kuka. Pandu ya tattara kwakwarsa ya wuce ta ƙarƙashinsu.

Washegari zai je kasuwa, yana fita layi wani hankaka ya zo ta baya ya kai masa sara a ƙeya, hularsa ta faɗi a kwata. Da fari abin dariya muka ɗauke shi. Ana ce masa, "Pandu, surukanka sun zo gaisuwa." Amma kwana ya yi kwana abin bai wuce ba. Shi kaɗai suke nema. Ya jera da wani mai tsayinsa, mai irin rigarsa, za su bar wancan su sauka a kansa. Yana tsallaka babban titi su rabu da shi su koma, yana dawowa su tarbe shi a daidai wurin.

A ƙasa da sauƙi, yana da hannun kare kai. A sama fa? Hannu biyu suna riƙe da bishiya. Wata rana a gidan Mzee Ame, dattijon unguwarmu, ya kusa kaiwa ƙarshen bishiya suka taso masa, wani a wuya, wani a kunne, wani yana neman ido. Ya saki hannu ɗaya ya kare fuska, igiya ta zame, ya sulalo a jikin bishiyar har ƙasa. Bai karye ba, amma fatar ƙirjinsa da ta cikin hannuwansa duk ta saɓule. Dada ta dinga shafa masa man kwakwa tana kuka, shi kuwa yana cewa a rufe taga kada su ga yana kwance.

Da ya warke ba abin da bai gwada ba. Ya zuba musu shinkafa da kawunan kifi a kan katanga, wai a shirya. Suka cinye tas, suka goge baki a jikin katangar, washegari suka sare shi. Sai Dada ta ce ai fuskarsa suka sani. Ta ɗauko kangarta, wata mai ruwan ganye da zanen korosho, wato kashu, ta naɗe masa kai da fuska, idanu kawai a waje. Ya fita kamar mai ciwon haƙori. Ni ina bakin rijiya ina kallo. Wallahi ya wuce ta ƙarƙashinsu suna zaune suna gyaran gashi, ko ɗaya bai kula shi ba. Ya isa gindin bishiya, ya sa igiya, ya buɗe baki: "Ga ni tafe sama..." Sai na ga wani a kan rufi ya karkata kai gefe, kamar tsohuwa mai sauraren gulma. Ya yi kuka ɗaya. Shi ke nan, suka taso gaba ɗaya.

Ya sauya waƙa, suka gane muryar. Ya gwada fito, mata suka ce ba su yarda ba, fito a saman gidan mutane ba tarbiyya ba ce. Dada ta ce to ita za ta tsaya a gindin bishiya ta yi waƙar, shi ya hau shiru. Aka gwada. Muryar ƙasa ba ta tsallake shinge biyu, waɗanda suka ji ma ba su motsa ba. Bi Mboja ta ce, "Yo mu mun ɗauka kwakwa kike gogawa kina nishaɗi. Muryar mace ai ba ta sa a ja zane."

Pandu ya zauna a gida. Masu kwakwa suka jira, suka gaji, suka fara kiran wani mai hawa daga Mwera. Tukunyarmu ta koma rogo da gishiri. Ya je bakin jirgin ruwa yin dako, ya dawo bayansa ya ƙage, don wanda ya saba rungumar bishiya bai iya ɗaukar buhu ba. Da yamma sai ya zauna a tsakar gida yana kallon kwakwar mutane ta nuna tana bushewa a sama, yana murza igiyarsa a hannu.

Daga nan ne ya yi abin da ya yi. Ya lura bayan azahar unguwa takan yi tsit, zafi ya kori kowa ɗaki. Sai ya riƙa zuwa wurin masu bishiya a ɓoye yana cewa, "Zan zo bayan azahar, ku gaya wa iyalinku kawai." Ya naɗe fuska da kanga, ya hau shiru, ya juya baya ga gidaje, ya sara ya sauko. Hankaki ba su gane shi ba. Masu bishiya suka ji daɗi, don na Mwera sai ya ga dama yake zuwa. Kifi ya dawo tukunyarmu.

Dada ba ta so ba. Na ji ta kira shi da sunan 'yarsu tana ce masa, "Baban Tatu, wannan kangar fa tawa ce. Duk Kwahani an san ta a jikina."

Ya ce, "Ba na kallon kowa, Allah ne shaida."

"Allah ya sani. Su mutane fa?"

"Mutane za su ba mu abinci?"

Ta ci gaba da ba shi kangar.

Aka ɗan jima ana haka. Sai akwai wani tela, Mcha, ya auro yarinya daga Pemba, sunanta Miza. Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba. Wata rana ta gama wanki a cikin zafin nan, ta shiga makewayi ta watsa ruwa. Ta ji kwakwa ta faɗo a gidan maƙwabta, ta ɗaga kai. Ta ga namiji a sama, fuska a naɗe, baki a rufe. Ku da kanku ku ce me za ta ɗauka. Ihun da ta yi har gidanmu.

Kafin ya sauko gindin bishiya ya cika. Mcha ya fito da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba. Wani ya fizge kangar. Da aka ga Pandu ne sai kowa ya ja baya. Da baƙo ne da duka za a yi masa a huta. Wannan kuwa mutumin da ya shiga gidan kowa ne, ya sha shayin kowa. Yana ta cewa, "Teku nake kallo, wallahi bayana na juya." Su kuma hankaki da suka ji muryarsa suka fara taruwa a kan rufi. Wata mata ta ɗauki kangar daga ƙasa da yatsu biyu ta miƙo mini ta ce, "Kai wa yayarki."

Bayan la'asar dattawa suka zauna da shi a dakalin masallaci. Mu mata muna bayan katanga muna ji. Ya rantse, ya ce a kawo Alƙur'ani. Mzee Ame ya ce, "Bar Alƙur'ani inda yake. Ni na yarda ba ka ga komai ba. Ba shi muke tambaya ba. Matanmu da 'ya'yanmu suna wanka ba rufi tun kafin a haife ka, don sun yarda da bakin mai hawa. In sun ji shiru, sun san ba kowa a sama. Yau ka koya musu shiru ba ya nufin komai."

Pandu ya ce, "Mzee, in na yi waƙa tsuntsayen nan za su kashe ni."

"To da sai ka zo ka faɗa mana. Ba ka zo ba."

Mcha ya ce, "Ni dai ko inuwarsa kada ta ƙara faɗawa gidana."

Ba a dake shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. Kawai aka daina kiransa. Waɗanda suka yarda ya hau musu shiru su suka fi kowa ɗaure fuska. In ya yi sallama a amsa a gajarce, ba "ya gida", ba "ya Kazija". Mata suka koma wanka da kanga a jiki, suna yi suna ɗaga kai. Wasu suka nemo tsohon kwano suka rufe makewayi, wurin ya koma zafi da wari, kowa ya shiga sai ya ambaci sunan Pandu. Aka yi biki a bayan gidanmu, duk matan layi aka kira su gugar kwakwa, ban da Dada, ita da ake cewa hannunta ya fi na kowa sauri. Ta zauna a ɗaki tana jin dariyarsu. Kangar nan dai ta yayyaga ta ta yi tsumman goge tukunya.

Wata safiya na fito na tarar da shi a madafa yana juya tukwanen Dada, yana gwada su a kansa.

Na ce, "Shemeji, lafiya? Yunwar ce ta kai haka?"

Ya ce, "Wacce ce ba ta cika dafa abinci da ita ba?"

Dada ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi. Ta gane. Ta ce, "Za su cire maka ido."

"Ido biyu gare ni. Sunana ɗaya ne, naki ma ɗaya."

Ta shiga ta ɗauko ta dafa wake, mai ɗan zurfi. Da kanta ta huda gefe biyu da ƙusa, ta zura igiya, ta ɗaure masa a haɓa. Ya yafa buhu a kafaɗa. Fuska kuwa a buɗe, ya ce kowa ya gan shi.

Gidan Bi Mboja ya nufa, da hantsi, lokacin da kowa yake waje. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wa ya kira ka?"

"Ba kowa. Kwakwarki ta bushe, za ta faɗo wa kajinki."

Ta ɗaga kai ta dubi bishiyar. Can ta ce, "To tsayuwar me kake yi? Ko so kake in ɗaga ka?"

Ya sa igiya, ya buɗe wannan muryar tasa iya ƙarfinsa. Hankaki suka taso kamar an kira su da suna. Tun daga tsakiyar bishiya suka fara. Muna jin bakinsu a kan tukunya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar maƙera. Da suka ga kai ba ya saruwa suka koma wuya da bayan hannu da agara. Muna ganin jini yana bin hannunsa. Wani lokaci waƙar ta yanke, sai ta dawo. Ya kai sama yana yi, ya sara yana yi, ya sauko yana yi. Duk layin an fito. Wasu na dariyar tukunya, wasu sun kama baki. Da ƙafarsa ta taka ƙasa ya yi shiru, Bi Mboja ta kawo ruwa a kwano ta ajiye masa ta ce, "Wanke hannun nan, kada ka ɓata mini kwakwa da jini."

Ba a ranar aka dawo masa ba. Mzee Ame ne ya fara kira, bayan sati ko fiye. Daga shi sai wani, sai wani. Da sannu aka koma yi masa cikakkiyar gaisuwa, aka koma kiran Dada biki. Hankaki dai ba su taɓa yafewa ba. Na farkon sun mutu, 'ya'yansu da ba su san komai a kan sheƙar Bi Mboja ba suka ɗauka daga inda iyaye suka tsaya. Ya koyi zama da su. Ya san lokacin ƙwai sun fi zafi, sai ya ƙara buhu. Ya ɗinka wa kansa wani abu na fata a wuya. Tukunya ta lotsa a sake wata. Shekaru ya yi haka, hannuwansa duk tabo, kunnensa na hagu da ɗan gutsure. Bai ƙara hawa shiru ba ko da a gonar da ba gida kusa.

Mcha ne kawai ya riƙe tasa. Sallama kaɗai ke haɗa su. Na Mwera ya daina zuwa, wasu masu hawan kuma da sun ji an ce Kwahani sai su ce hankakin can ba su da mutunci. Kwakwar Mcha ta yi ta bushewa tana faɗowa da kanta. Ta fasa masa rufi ya gyara, ta fasa randa ya saya. Har Miza ta haifi 'ya'ya suka fara wasa a tsakar gida. Ranar da wata ta faɗo dab da inda ƙaramarsu take zaune, da yamma sai ga Mcha a ƙofar gidanmu. Lokacin na yi aure, amma na zo wuni. Ya yi sallama, Pandu ya fita. Suka tsaya kowa yana kallon gefe.

Mcha ya ce, "Bishiyar nan tawa."

Pandu ya ce, "Na gan ta. Ta daɗe tana neman wuƙa."

"Gobe da hantsi. Amma tun daga bakin layi za ka fara waƙar."

"Tun daga ƙofar gidana zan fara."

Haka kuwa aka yi. Da safe ya ɗaura tukunyarsa, ya fito yana rera ta tun daga zaure, hankaki suka yi masa rakiya har gidan tela. Miza ta kwashe 'ya'yanta ta shige ɗaki. Da ya sauko ya tarar an ajiye masa shayi da mandazi, fankenmu na nan, a kan tabarma, an kife kwano a kai an ɗora dutse. Ya zauna ya sha, da tukunyar a kansa.